Wutar Lantarki a Gidajen da Muka Baro Gida: Abin Dubawa Kafin Faɗuwar Damina

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma Shugaban wannan taro, iyayenmu wakilan masarautun Gwandu da Argungu, shugabannin rassan ƙungiya da suka taso daga Legas da Abuja da Kaduna da Kano da Fatakwal, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan wutar lantarki a cikin gida. Na san da yawa daga cikinmu da jin haka za su zaci kukan rashin wuta za mu sake yi, wanda mun saba yinsa tun zamanin NEPA, muka ci gaba da shi a zamanin PHCN, har zuwa shekarar 2014 da aka miƙa rarraba wutar jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara ga kamfanin Kaduna Electric. Wannan kuka yana da muhallinsa. Amma yau ina son mu tsallake mita mu shiga cikin gida, domin hurumin kamfani a kan mita yake tsayawa. Duk wata waya da ta wuce nan, ta shiga bango ko ta bi ta cikin silin, amana ce a wuyan mai gida. Mu kuwa masu gidajen muna can nesa, waɗanda ke kwana a ƙarƙashin wayoyin su ne iyayenmu tsofaffi da matanmu da ƙannenmu da 'yan haya.

Bari in fara da wani hali namu da kowa a zauren nan zai shaida. Idan Allah ya buɗa wa ɗan Kabi a birni, abu na farko da yake yi shi ne ya kyautata wa na gida. Bana ya aiko da firji, baɗi ya aiko da firiza domin a riƙa sayar da ƙanƙara, shekara mai zuwa a haƙa rijiyar burtsatse a sa mata famfo mai aiki da wuta, sa'an nan idan zafin bazara ya matsa wa tsohuwa a ɗaura mata na'urar sanyaya ɗaki. Duk wannan alheri ne, Allah ya saka. Abin da ban cika ji ba shi ne wani ya ce ya aiko da kuɗin sake wayarin. Kaya ake gani a yaba, waya kuwa tana ɓoye cikin bango, ba mai yi wa mutum godiya a kanta.

To, mu yi ɗan lissafi. Gidan da aka ja wa wuta a Birnin Kebbi ko Argungu wajen lokacin da aka ƙirƙiro jiha a 1991, an yi masa wayarin ne domin ƙwan fitila kamar shida masu wat 60, da fanka uku, da rediyo, da talabijin ɗaya. Idan an tara su gaba ɗaya ba su kai wat 1,000 ba. Yau dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye, hitar dafa ruwa haka, na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya ta fi haka, kuma a lokacin da take tashi tana fizgar ninkin abin da take ci a tafiyarta. Gidan da aka tsara domin wat 1,000 sai ga shi yana ɗauke da 5,000 ko 6,000, a kan wayoyin da suka haura shekara 30. Jakin bai canza ba, kayan ne aka yi ta ƙara masa.

Waya idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar da ta lulluɓe ta ta bushe, ta tsattsage, wata rana ta kama. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu na wannan yanki musamman. Ma'aunin ƙarfin waya da muka gada daga Ingila an gina shi ne a kan cewa zafin wurin da wayar take digiri 30 ne. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa kansa yana haura digiri 40, balle cikin silin da ke ƙarƙashin kwano da tsakar rana, wanda duk wanda ya taɓa leƙa shi ya san tanda ce. Ma'ana, wayar da a takarda aka ce za ta iya, a silin ɗinmu ba za ta iya ba. Ga ɓeraye masu gaigayar roba, ga gara mai cin katakon da aka kafa wayar a jikinsa, ga ƙurar hunturu da ke taruwa a cikin akwatin fiyus.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, waya mai kaurin milimita 1.5 ta fitilu da fanka ce, mai 2.5 ta soket ce, manyan kaya irin su na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ɗuma ruwan wanka da murhun lantarki kuwa kowanne a ja masa layinsa daban tun daga allon rarraba wuta, da waya mai 4 ko 6 gwargwadon ƙarfinsa da nisansa. Ku riƙe waɗannan lambobi ko da ba ku riƙe komai ba, domin da su za ku iya yi wa mai aiki tambaya ta wayar tarho daga Legas ya gane ba da baƙo yake magana ba.

Sai dai lamba a jikin kwali ba ita ce waya ba. Kasuwanninmu cike suke da wayar da aka rubuta mata 2.5 alhali cikinta bai kai ba, da kuma wadda alminiyum ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Idan aka kankare bakinta da wuƙa aka ga fari a ciki, to ba jan ƙarfe ba ce. Irin wannan ta fi saurin zafi, kuma tana saki a wurin da aka ɗaure ta da noti, inda tartsatsi ke farawa. Hanyar da muke bi wajen biyan kuɗi ita ke jawo mana ita: a yi jinga da mai aiki a dunƙule, kuɗin kaya da na hannu a haɗe, a turo masa ta banki. Duk abin da ya rage a kan waya ribarsa ce. Ban ce duk masu aikin haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, amma bai kamata mu jarraba mutum da abin da ba mai gani ba. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a sa wani amintacce ya saya a shagon da aka sani, a duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON. A wannan fage wayar da manyan masana'antun ƙasar nan ke yi ta yi suna wajen inganci. Ta fi tsada, amma Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado.

Daga waya sai mai gadinta. A tsofaffin gidajenmu fiyus ne, wato siririyar wayar da aka yi ta domin ta ƙone kafin gida ya ƙone. Me muke yi idan ta yawaita tsinkewa? Sai a sami wani yaro mai ƙarambani ya tufka wayoyi uku ko huɗu ya ɗaura, wani ma ƙusa yake sakawa, a ce an huta. Haƙiƙa an huta da tsinkewar fiyus, domin daga ranar wayar cikin silin ce za ta ƙone a madadinsa. Gyaran da ya fi kowane muhimmanci ga tsohon gida shi ne a cire wannan akwati a sa allon rarraba wuta na zamani mai bireka, kowane layi da tasa daidai da kaurin wayarsa. A cikin allon kuma a sa na'urar da ake kira RCD mai miliyamfiya 30. Bambancinsu shi ne, bireka waya take tsarewa, RCD kuwa mutum take tsarewa. Tana auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo, da zarar ta ga wata ta zurare ta wata hanya, ko ta jikin yaro ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ta yanke cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Kuɗinta bai kai na wayar salular da yawancinmu ke riƙe da ita yanzu ba. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a koya wa wani a gidan ya riƙa danna shi duk bayan wata uku. Idan bai yanke wuta ba, ta mutu, a sake ta.

Zan ɗan daɗe a kan wayar ƙasa, wadda masu aikin ke kira atin, domin ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Soket ɗinmu baki uku gare shi, na saman nan shi ne na ƙasa. Aikinsa shi ne idan wuta ta taɓa jikin firji ko famfo, ta sami hanyar zurarewa ba ta jikin mai taɓawa ba. A gidaje da yawa idan aka kwance soket za a tarar ba a ja masa waya ba sam. A wasu an ja, amma an kai ta ga guntun rodi da aka caka a gindin bango, tsatsa ta cinye shi tun tuni. Idan kun ji na gida suna cewa firji yana ɗan ja in an taɓa shi ba takalmi, ko famfon bayi yana tsikarin hannu, kada a mayar da shi abin dariya. Gargaɗi ne.

Ƙasarmu iri biyu ce a wannan batu. Gidan da ke gangaren fadama, inda ƙasa ke da laima, sanda ɗaya mai rufin jan ƙarfe tana iya wadatarwa. Gidan da ke kan tudu mai rairayi ko marmara kuwa, kamar yawancin sababbin unguwannin da birni ya faɗaɗa zuwa gare su, busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da sauƙi, sai an zurfafa ko an kafa sanduna biyu ko uku an haɗa su. Al'adar zuba gawayi da gishiri a ramin tana taimakawa na ɗan lokaci, amma ruwa yana wanke gishirin, shi kuma yana cin ƙarfen. Ba a sanin ingancin wayar ƙasa da ido, akwai na'urar da ake aunawa da ita, kuma lokacin awon shi ne bazara, sa'ad da ƙasa ta fi bushewa. Wanda ya auna a watan Agusta ya yaudari kansa. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ayyukan lantarki da ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ba laifi ba ne, ba kuma raini ba ne, ka tambayi wanda zai yi maka aiki ko yana da ita.

Yanzu sai damina. Duk wanda ya tashi a kwarin Gulbin Rima ya san yadda take sallama. A watan Mayu zuwa Yuni hadari zai haɗo daga gabas da la'asar, gari ya yi ja, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa, kafin ɗigo ɗaya ya sauka ta kwashe kwanon da za ta kwashe. Ba gidajen talakawa kaɗai take taɓawa ba. Babban layin da ke kawo mana wuta daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta fara aiki a 1968, mai ƙarfin bolt 330,000 ne, a kan turakun ƙarfe yake tafe har Birnin Kebbi, daga nan a tura wa Sakkwato, a kuma tura wa Yamai ta Jamhuriyar Nijar. A farkon daminar 2025 iska ta kayar da wasu daga cikin waɗannan turaku, jama'ar Kebbi da Sakkwato suka yi kwanaki cikin duhu. Iskar da ta durƙusar da turken ƙarfe, me za ta bar wa falwayar katako da gara ta ci gindinta a ƙofar gidanmu?

Haɗari mafi ɓarna ga kayan gida yana zuwa ne ba tare da an gani ba. Wayoyi huɗu ne ke bin falwaya a unguwa, uku masu wuta, ɗaya ta dawowa. Idan reshen dogonyaro ya faɗo ya tsinke ta dawowar, ko iska ta haɗa wayoyin, wutar da ya kamata ta shigo gida a bolt 230 tana iya hawa har kusan 400. Shi ne za ka ji an ce an kawo wuta mai ƙarfi ta ƙone talabijin da firji na layi guda. Maganinsa ba tsada: akwai 'yar na'urar da ake sawa a allon gida, mai yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta kuma jira 'yan mintoci kafin ta mayar. Sitabilaiza ba ta maye gurbinta. Rassan da suka kusanci waya kuwa a sare su tun watan Afrilu, amma a sanar da ma'aikatan wuta su kashe layin tukuna. Kada a tura almajiri da gatari kan bishiyar da ke gogar waya don za a ba shi na abinci.

Ina roƙon iyaye mata da ke nan su kai wannan saƙo gida, domin yara ne suka fi fita bayan an ɗauke ruwa. Duk wayar da aka gani a ƙasa a ɗauka tana da wuta, ko da gari duka ba wuta, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci. A nisance ta da kamar taku 15, kada a taka ruwan da ta faɗa ciki, kada a taɓa kwano ko ƙofar ƙarfen da ta hau. Idan wuta ta kama mutum kada a rungume shi, a ruga a kashe babban makunni, in ba hali a ture shi da busasshen itace. Wannan ya kawo tambayar da nake so kowa ya yi wa gidansu yau da dare: wa ya san inda babban makunni yake, kuma hannun tsohuwa yana kaiwa gare shi? Sau da yawa yana cikin ɗakin mai gida, ɗakin kuwa a kulle, makullin yana Abuja.

Game da tsawa, tsakanin ganin walƙiya da jin rugugi kowane daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ne. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, a shiga ɗaki, a zare wayar eriya da ta tauraron ɗan'adam, a cire filogin kaya masu tsada daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Masu noman shinkafa a fadama da Sarkawa a kan ruwa su suka fi kowa shiga wannan haɗari, gindin bishiya tilo a fili kuwa ba mafaka ba ne.

Ruwan da ke zuwa ta ƙasa ma mun san shi. Ambaliyar 2010 da ta 2020 ba su bar mana abin mantuwa ba a wannan kwari. Mai gini kusa da gulbi ya ɗaga soket da allon wuta sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, dattawan unguwa za su nuna masa alamar. Gidan da ruwa ya shiga kuma ba a mayar masa da wuta sai ya bushe an auna wayoyinsa.

Janareta yana kisa ta hanya biyu, kuma duka biyun da damina suka fi aukuwa. Ta farko, idan ruwa ya sauko sai a jawo shi cikin zaure ko baranda ko kicin, a rufe tagogi, a kwanta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, barci take ƙara wa mutum har ya wuce. Jaridu sun sha kawo labarin iyalin da aka wayi gari babu ko ɗaya. A gina masa rumfarsa a fili, kamar mita 6 daga taga, bakin salansa yana kallon waje, kuma ba a zuba masa mai yana da zafi. Ta biyu, masu cusa wayarsa a soket ba tare da makunnin sauya layi ba, wato canji-oba. Wutar tana fita ta mita ta hau falwaya, taransifoma kuma baya da gaba take aiki, sai ta ɗaga bolt 230 zuwa dubbai. Ma'aikacin da ya hau gyaran layin da iska ta tsinka, yana da yaƙinin an kashe wuta, shi zai karɓe ta. Ɗan wani ne, wataƙila ma ɗan unguwarku.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sa'an nan gobara ta cinye taransifoma biyu a babbar tashar wuta ta Birnin Kebbi a watan Satumba na shekarar, da yawanmu mun koma ga sola, kuma na yaba da haka, rana dai ba mu rasa ta ba. Amma faifan sola a kan rufi tamkar filafilan jirgin ruwa ne ga iska. Wanda aka ɗaure da waya ko aka danne da bulo zai tashi, wani lokaci har da kwanon. A kafa shi da noti a jikin katako ko ƙarfen rufi, a toshe hujin, a haɗa firam ɗinsa da wayar ƙasa, a sa fiyus tsakanin batir da inbata. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko ƙarƙashin gado. A kuma sani cewa muddin akwai rana faifan yana ba da wuta, ko an kashe komai na gidan.

Idan gobarar lantarki ta tashi, a fara yanke wuta, kada a watsa ruwa kafin haka. Bokitin yashi biyu a tsakar gida da tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa da ƙofa sun isa kashe ƙaramar wuta. Waɗanda suka ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwar Birnin Kebbi a 2016 da ta Sakkwato a 2021 sun san tazarar da ke tsakanin tartsatsi da toka ba ta da yawa. Masu tagogi da ƙofofin ƙarfe kuma su tabbata akwai mafita ta biyu, makullinta a rataye inda kowa ya sani.

Mai girma Shugaba, ina da shawara guda ga ƙungiya. Yawancinmu muna zuwa gida ne da Sallah ko lokacin bikin kamun kifi na Argungu, mu yi kwana uku muna gaishe-gaishe mu koma, ba mai hawa silin. Ina ganin kwamitin ayyuka ya tantance masu aikin wayarin biyu ko uku a Birnin Kebbi da Argungu, masu takardar shaida da na'urorin awo, a yi yarjejeniyar farashi da su, duk ɗan ƙungiyar da ke so ya rubuta sunan gidansu a reshensa kafin ƙarshen Fabrairu. Su zagaya a watan Maris da Afrilu, su auna wayar ƙasa, su gwada RCD, su buɗe allo su ɗaure abin da ya saki, su duba wayar da ta shigo daga falwaya da ɗaurin sola, su rubuta wa mai gida rahoto a takarda ɗaya tare da hotuna. Wanda ya duba kada ya zama shi zai sayo kayan gyara. Gidajen marayu da na zawarawan 'yan ƙungiya kuma a biya musu daga asusun jin ƙai. Idan taro ya amince, ina roƙon a sa wannan a cikin ajandar zaman gobe da safe, ni kuma a shirye nake in zauna da kwamitin mu tsara takardar binciken.